Marubutan da Ba Sa Rubutu

A Ƙofar Mata ta birnin Kano ba a tambayar marini shaidar sana'arsa. Hannunsa ya isa shaida, domin shuni ya riga ya kama shi har wuyan hannu, kuma sabulu ba ya fitar da shi a kwana ɗaya. Haka ma maƙeri. Wanda bai taɓa zama gaban zugazugi ba, bai taɓa ɗaga masaba ba, ko da a gidan ƙira aka haife shi, mutanen gari ba za su kai masa gyaran garma ba. Hausa ta gina waɗannan sunaye a kan aiki: daga noma ta fitar da manomi, daga saƙa masaƙi, daga jima majemi, daga gini magini. Ɗan ƙaramin "ma" da ke farkon kalmar shaida ce cewa an ga mutum yana yin abin, an kuma sake ganinsa. Ta wannan hanya aka samo marubuci daga rubutu. Sai dai a cikin duk waɗannan sunaye, shi kaɗai ne a yau mutum kan naɗa wa kansa kamar rawani, ya shekara goma yana amsa shi, ba tare da wani ya ce masa ya nuna hannunsa ba.

Irin wannan mutum ba ya wuyar ganewa. Yana da littafi a ka wanda ya raɗa wa suna tun da daɗewa. Ya zaɓi farfesan da zai rubuta masa gabatarwa, ya san attajirin da zai gayyata ya zama babban mai ƙaddamarwa, har launin bango ya tsayar. Taron marubuta ba ya wuce shi, rikicin shugabancin ƙungiya kuwa ya san shi ciki da bai. Yana da hukunci a kan littafin kowa, har wanda bai karanta ba. Abin da ya rage masa shi ne babi na farko. Idan an tambaye shi inda aka kwana, sai ya ce yana nan yana bincike, ko kuwa yana jiran abubuwa su ɗan lafa.

Ba laifi ba ne mutum ya so zama marubuci, domin duk wanda ya taɓa cika shafi da wannan sha'awa ya fara. Laifin yana inda sha'awar ta zauna a kujerar aikin, ta karɓi ladan da bai kamata ta karɓa ba. Abin da mai burin yake so, idan an duba da kyau, abin da ke zuwa bayan rubutu ne: suna a bangon littafi, hira a gidan rediyo, kujerar gaba a taro. Shi kuwa rubutun kansa zaman kaɗaici ne da jimlar da ta ƙi daidaituwa, ba mai kallo balle mai tafi. Da yake ana iya samun wani yanki na ladan ba tare da wannan zama ba, mutane da yawa sun gano gajeriyar hanya. Mutum ya ba da labarin littafinsa a majalisa, abokai su jinjina masa, ya koma gida zuciyarsa wasai kamar wanda ya gama aiki. Ya cinye irin shukarsa tun kafin damina ta faɗi, kuma gobe zai sake ba da labarin a wata majalisar.

Mutanen da ba su jira ba

Tarihin ƙagaggen labari na Hausa a boko ya isa ya kunyata duk mai wannan hali. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su ƙaga labari su rubuta. Ya sha wahala kafin ya shawo kan mutane, domin a idon malamai na wancan zamani ƙaga labari aikin tatsuniya ne, na mata da yara, bai dace da mai ilimi ba. Wato babu wata daraja da ke jiran wanda ya amsa kiran, babu kuma wani littafi irin wannan da zai duba ya kwaikwaya. Duk da haka aka samu waɗanda suka zauna suka rubuta, aka fara buga ayyukansu daga 1934: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida tare da East.

Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauci. Kowannensu yana da aji da zai shiga da safe da takardun yara da zai duba. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya na wata shida, a cikin wannan ɗan lokaci ya rubuta *Magana Jari Ce*, littafi uku, waɗanda har yau ake karantawa a makarantu. Bai tsinci labaran a iska ba. Ya karanta littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya narkar da abin da ya karanta, ya sake zuba shi a cikin Hausa har ya zama kamar a nan aka haife shi. Daga Janairun 1939 kuma ya zama editan *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, ya shafe shekara goma sha biyu yana cika shafukan jarida a kan lokacin da aka ɗiba, ko yana jin daɗin rubutu ran nan ko ba ya ji. Sunan da ake kiransa da shi yau ya zo ne bayan duk wannan.

Tun kafin boko ma haka al'adar ƙasar nan take. A tsangayun ƙasar Hausa da Barno, mahaddaci kan tabbatar da haddarsa ta hanyar rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka, warƙa bayan warƙa, sannan a zauna a duba. Muhammadu Bello ya kammala *Infaƙul Maisuri* a 1812, a tsakiyar yaƙe-yaƙe da aikin kafa Sakkwato. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804 tana yarinya, ta yi aure, ta yi renon 'ya'ya, ta riƙe tsarin karantar da mata na 'yan taru, kuma ta bar ayyuka kusan sittin da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma ya tsara *Imfiraji* baiti bayan baiti, wasu suka riƙa masa alƙalami. Babu ɗaya daga cikinsu da zamaninsa ya lafa masa.

Uzurorin da ke da gaskiya a ciki

Za a ce wancan zamani daban ne, kuma Imam ya samu hukuma da ta buga masa littafi ta raba a makarantu. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya daga adabin Hausa, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma wanda ya wuni yana neman abin da zai kai gida ba ya dawowa da ƙarfin zama gaban shafi. Wanda ya musanta waɗannan bai san ƙasar ba.

Sai dai akwai tsara guda da ta gamu da irin waɗannan matsaloli ta kuma ba da amsa. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara wa ɗab'i tsada, wasu matasa a Kano da kewaye suka daina jiran kamfani. Suka rubuta labaransu a littafin makaranta, suka tara kuɗi suka kai ƙananan maɗaba'u, suka rarraba labari kashi ɗaya da biyu da uku domin cinikin na farko ya buga na biyu, suka kai kasuwa da kansu. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin manya. A 1987 ta fitar da *Budurwar Zuciya*, a 1990 ta fitar da *Alhaki Kuykuyo Ne*, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma da girmansa ya shiga karatun boko ta ajin yamma, ya fitar da *In Da So Da Ƙauna* a farkon shekarun 1990, littafin ya shiga gidaje da makarantun kwana ba iyaka. Lambar girmamawa ta ƙasa ta same shi a 2014, fiye da shekara ashirin bayan haka.

Waɗannan mutane ba tafi suka tarar ba. An kira aikinsu adabin kasuwa da nufin ƙasƙanci, an zarge su da lalata tarbiyya a jaridu da kan mumbari, a 2007 har an ƙona irin littattafansu a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wasu daga cikin sukar suna da tushe, domin a cikin littattafan akwai masu rauni, akwai masu cike da kurakuran rubutu, akwai waɗanda aka kwaso daga finafinan Indiya. Amma da yawa daga masu ilimin da suka yi ta yamutsa fuska, masu digiri a harshe da adabi, waɗanda suka san abin da ya kamata littafi mai kyau ya ƙunsa, ba su ajiye nasu a gefen na kasuwar ba domin a gwada. Tarihin adabin wancan lokaci yanzu ana rubuta shi ne da sunayen waɗanda aka raina, saboda su ne suka bar abin da za a karanta.

Yau ma labarin bai canza ba. Akwai mata da yawa da ke rubuta labari a kan waya, da babban yatsa, bayan yara sun yi barci, su fitar da shi kashi-kashi ga masu karatu da ke jiransu kullum. Ana iya sukar ingancin abin da wasunsu ke fitarwa, kuma ya kamata a soka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mai kwamfuta da ɗakin karatu ya ce rashin kayan aiki ne ya hana shi, alhali waɗannan suna cika shafuka da wayar da gilashinta ya tsage. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 gajeren labari take nema daga mata, abin da bai wuce 'yan shafuka ba, kuma kowace shekara ana samun masu aikawa. Bambancinsu da wadda ta ce da ta shiga da ta ci shi ne su sun gama labarin sun aika.

Muguwar rawa

Uzuri mafi ƙarfi ba shi da alaƙa da kuɗi ko wuta, kuma ba a cika faɗinsa a fili ba. Tsoro ne. Littafin da ke cikin kai ba shi da aibi: jimlolinsa duka a miƙe suke, taurarinsa duka da rai, kuma babu mai sharhin da zai iya taɓa shi. Da zarar an sauke shi a kan takarda sai ya zama abu mai girma daidai iyawar mai shi, kuma wannan iyawa kan kasance ƙasa da yadda ya zata. Ranar da mutum ya karanta shafinsa na farko da idon gaskiya ita ce ranar da yake sanin matsayinsa. Mutane da yawa sun gwammace su mutu da zaton cewa da sun rubuta da sun fi kowa, da su ga shaidar cewa su ma masu koyo ne.

A nan ne ake jawo karin maganar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, a mai da ita garkuwa. Amma karin maganar dandali take nufi, inda jama'a suka kewaye makaɗi. Babu gwanin rawa da bai yi muguwar rawa a bayan ɗaki ba kafin ya fito. Daftarin farko bayan ɗaki ne, ba wanda zai gan shi sai mai shi, kuma aikinsa kawai ya samar da abin da za a gyara. Yaron makarantar allo ya fi masu burin fahimtar wannan: yana rubutawa, malam ya gyara, ya wanke allon, ya sake rubutawa, kuma ba ya ɗaukar wankin a matsayin faɗuwa.

Akwai kuma masu jiran ilhama, waɗanda ke ganin rubutu baiwa ce da ke sauka a kan zaɓaɓɓu cikin dare. Baiwa gaskiya ce, ba kowa Allah ya ba kunnen da ke jin nauyin kalma ba. Amma babu hanyar da mutum zai san ko yana da ita sai ya rubuta da yawa. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne na shekaru fiye da talatin, ya ware wa rubutu sa'o'i sanannu bayan tashi daga ofis, ya kiyaye su kamar lokacin aiki, har ya bar ƙagaggun littattafai fiye da talatin. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Wanda ya rubuta kalma 300 a rana, wato kimanin shafi ɗaya, na kwana 200 a shekara, zai tashi da kalma 60,000, abin da ya ninka tsawon *Ruwan Bagaja*. Lokacin da wannan shafi ke ci bai kai wanda ake kashewa a musun siyasa tsakanin magariba da lisha ba.

Wannan ba ya nufin yawan shafi shi ne inganci. Wanda ya zubo kalmomi ya ƙi komawa kansu ya yi rabin aiki ne, kuma rabin da ya bari shi ne mai wuya. Rubutu ya haɗa da karanta na wasu da idon mai koyon sana'a, da sanin ƙa'idojin rubutun Hausa har mutum ya daina haɗe kalmomin da ake rabawa, da miƙa aiki ga wanda ba zai yi kara ba, da yanke shafi goma da aka sha wahalarsu saboda labarin ba ya bukatarsu. Imam kansa ya zauna da East suna bin rubutunsa suna gyarawa. Haka kuma ba yawan littattafai ake nema ba, tunda Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ɗaya ya bari, kuma ya ishe shi. Ko bugawa ma ba ita ce ma'auni ba. Wanda ke da rubutattun shafuka a akwati, yana ƙara musu yana gyara su, marubuci ne ko da ba wanda ya san shi. Wanda aka buga sunansa a katin gayyata da laƙabin marubuci, alhali ba shi da shafi, mai buri ne har yanzu.

Abin da ake rasawa

Da a kan mai burin kaɗai abin ya tsaya, da sai a bar shi da rawaninsa. Amma asarar ta kowa ce. Hausa harshe ne na miliyoyin mutane daga Agadas zuwa Kumasi, amma yaron da ke son karanta yadda wutar lantarki ke aiki, ko yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi, ko tarihin garinsu, da ƙyar zai sami littafi mai daɗin karatu a harshensa. Mutanen da suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da idonsu suna ƙarewa. Haka tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da ungozomomi, da fataken da suka bi hanyar Gwanja, da malaman da suka buɗe makarantun farko a ƙauyuka. Kowace jana'iza tana tafiya da abin da ba a rubuta ba.

An san rayuwar Baba ta Karo, wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau da ta ga zamanin bayi da zuwan Turawa, saboda Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da Smith ta tsaya tana cewa wata rana za ta rubuta, da ba a san an yi Baba ba. A kowace unguwa akwai irinta, kuma a kusa da ita akwai jika mai digiri da ke cewa yana da niyyar rubuta tarihin gidansu in ya samu lokaci.

Ƙungiyoyin marubuta da masu shirya taruka suna da nasu alhakin. Muddin ana raba lambar yabo ga wanda ya fi halartar taro, ana auna bikin ƙaddamarwa da yawan kuɗin da manyan baƙi suka yi alkawari, ana gabatar da mutum a rediyo da sunan fitaccen marubuci ba tare da an ambaci abin da ya rubuta ba, to ana koya wa matasa cewa laƙabin ake nema, kuma ana samunsa a zaure. Gyaran ba shi da tsada. A mayar da zaman marubuta wurin da kowa ke zuwa da shafukan da ya rubuta a makon, ya karanta, a gaya masa gaskiya. Mai gabatarwa ya riƙa faɗin sunan aiki kafin laƙabi. Duk wanda ya ce shi marubuci ne, a yi masa tambayar da ake yi wa kowane mai sana'a, cikin ladabi: ina abin da ka yi?

Wanda tambayar ta yi wa zafi yana da magani a hannunsa, kuma ba sai ya nemi izinin kowa ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro suna nan a kowane shagon unguwa. Ya saya yau, ya bar ba da labarin littafinsa a majalisa, ya tashi bayan sallar asuba ya cika shafi ɗaya, komai muninsa, gobe ya ƙara wani a kai.